Neman shawara: Autana yana aikin mishan a Kumasi, ya yi min kuka a waya

Maman Auta, Jos

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina bin shawarwarin da kuke ba juna ban taɓa sa baki ba, yau abin ya zo kaina.

Autana shekararsa 19. Shekara uku ke nan da ya shiga cocin nan da mutane ke ce wa Mormon, su kuma suna kiran kansu Ikilisiyar Yesu Almasihu ta Tsarkakan Kwanakin Ƙarshe. Mu 'yan ECWA ne gaba da baya, ni ma 'yar zumuntar mata ce, saboda haka da farko ba mu ji daɗi ba. Da muka ga yaron sai ƙara natsuwa yake yi, muka zuba masa ido. Bana ya cike takardu, aka aiko masa da wasiƙa cewa zai je Kumasi ta ƙasar Gana ya yi shekara biyu yana aikin bishara. Ya fara da makarantar horonsu da ke Akara, yanzu makonsa biyar a Kumasi.

Ranar Litinin kawai yake kira. Kiran farko da na biyu dariya muka sha. Litinin ɗin da ta wuce kuwa, yana buɗe bidiyo na ga wuyan farar rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce ƙafafunsa sun yi bororo don tafiya, zafin garin ya hana shi barci, abokin aikinsa Ba'amurke ne mai saurin tafiya da saurin magana, kuma ko shago ba ya zuwa shi kaɗai. Idan mutane suka juya harshe zuwa Twi, ya ce sai ya koma kamar kurma. Can ya yi shiru, na ga hawaye. Ya ce, "Mama, na gaji." Yaron da ko ranar da aka ɗinke masa goshi yana ƙarami bai yi kuka ba.

Babansa ya ce a aika masa da kuɗin mota ya dawo ya rubuta JAMB kamar sa'o'insa. Ni zuciyata ta rabu biyu. Don Allah wanda ya san aikin nan ya faɗa min yadda suke wuni, me ya sa ni ba zan kira shi lokacin da na so ba, kuma mu dawo da shi ne ko mu ƙyale shi?

Tsohon ɗan mishan, Kaduna

Mama, sannu da haƙuri. Na yi wannan aikin shekara biyu a Takoradi da ƙauyukan kewaye, kuma ni ma a mako na shida na yi wa mahaifiyata irin kukan nan, sai dai ni a rubuce na yi shi. A lokacinmu sau biyu kacal a shekara ake kiran gida, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata. A watan Fabrairu na 2019 ne aka ba da dama a riƙa kira kowane mako.

Bari in ba ki labarin wuninsa. Da ƙarfe shida ko shida da rabi ya tashi, ya yi addu'a, ya motsa jiki na rabin awa, ya yi wanka ya karya. Sai awa guda ta karatu shi kaɗai, Littafi Mai Tsarki da Littafin Mormon, sannan su zauna da abokinsa su tsara wa za su gani yau da abin da za su koya masa. Da yake sabo ne, makonni 12 na farko akwai ƙarin darasi kullum, don Baturen nan ba abokin ɗaki ba ne kawai, shi aka ɗora wa horar da shi. Wajen ƙarfe goma sun fita, farar riga da nektai, da ɗan baƙin allo a ƙirji mai ɗauke da "Elda" da sunan mahaifinsa. Elda dattijo ke nan. Shekara biyu babu mai kiransa da sunan da kika saba kiransa, kuma wannan kaɗai yana sa yaro kewar gida fiye da yadda ake zato.

Daga nan kuma ƙafa ce da trotro, ƙananan motocin hayarsu, har dare. Ka yi alkawari da mutum biyar ka tarar da ɗaya. Wani ya hango ku ya shige ɗaki ya ce yara su ce ba ya nan. Wani ya ba ku kujera ya saurare ku awa guda da fara'a, ranar Lahadi ku yi ta kallon ƙofar majami'a bai zo ba. Wannan ya fi ciwon ƙafa ciwo, Mama, kuma ina zaton shi ne ainihin "na gaji" ɗin. Idan sun dawo da dare ya rubuta abin da ya faru a wunin, kafin goma da rabi ya kwanta. Babu talabijin, babu kallon ƙwallo, babu iyo, babu zance da budurwa.

Litinin ita ce ranar shiri: wanki da hannu, kasuwa, aski, shara, kiran gida, da yamma kuma a koma aiki. Ƙa'idar ita ce shi zai kira. Amma ki rubuta masa saƙo duk ranar da kika so, amsar ce za ta jira Litinin. Idan kuma wani abu na gaggawa ya taso a gida, ofishin mishan za ki nema, su za su isar masa nan take. Ki karɓi lambar daga wurinsa ki ajiye.

Maganar rashin rabuwa da abokinsa, ke 'yar zumunta ce, kin san Markus 6:7, inda Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu. Dole kowa ya kasance inda ɗan'uwansa ke ganinsa yake kuma jinsa. Akwai tsaro a ciki, akwai kuma takura, ba zan ɓoye miki ba. Sai dai duk mako shida ake canjin wuri, kuma yawanci idan makonni 12 ɗin suka cika sai a raba su. Ba zama na dindindin ba ne.

Roƙona ɗaya. Idan ya kira, kada tambayarki ta farko ta zama "za ka dawo?" Yaro idan ya ga hawayen uwarsa, da su zai wuni har Litinin ta zagayo. Ki tambaye shi me ya ci jiya, wa ya ba shi dariya a makon, wace kalmar Twi ya koya. Ki sa ya koya miki ita.

Baban Tagwaye, Kafanchan

Maman Auta, ni dai ina bayan maigidanki, kuma zan faɗa ba tare da cin mutuncin kowa ba. Koyarwarsu ba irin tamu ba ce, suna da wani littafi ban da Littafi Mai Tsarki, wannan kin sani. Amma ko a ajiye batun koyarwa, shekara biyu a rayuwar ɗan shekara 19 ba wasa ba ce. Sa'o'insa za su kai aji uku a jami'a shi bai fara ba. Kuma ban ji an ce ana biyansu albashi ba. Yaro ya ce ya gaji, me ake jira? Babansa ya tambaye shi tsakani da Allah, namiji da namiji, ba a gaban kowa ba: kai kake son zaman nan ko kunyar dawowa kake ji? Kunya ta sha hana yara faɗin gaskiya.

Tsohon ɗan mishan, Kaduna

Baba, tambayar da ka kawo daidai ce, a yi masa ita. Gaskiya ne ba albashi. Aikin sa kai ne, iyali da membobin coci ke haɗa abin da za su iya, asusun mishan ya cike saura, daga ciki ake ba shi kuɗin abinci da na mota. Karatuna ni ma ya yi jinkiri, ban musa ba. Kuma ba a tsare yake ba. Idan ya ce wa shugaban mishan zai koma gida, za a zauna da shi a ji dalili, idan ya tsaya a kan bakansa za a mayar da shi. Inda na bambanta da kai shi ne lokacin tambayar. Wanda bai kai wata biyu a baƙuwar ƙasa ba, gajiya ce za ta amsa maka, ba shi ba.

Sannan ba cikin daji aka jefa shi ba. Cocin yana Gana a hukumance tun 1978. A watan Yuni na 1989 gwamnatin ƙasar ta dakatar da ayyukansa har ƙarshen 1990, membobi suka riƙa sujada a ɗakunansu, kuma ba su watse ba. A 2004 aka buɗe haikalinsu a Akara. Tsofaffin da suka ga wancan zamanin suna nan, kuma su ne masu kiran 'yan mishan gida su cika musu kwano da fufu.

Hajiya, Aboabo, Kumasi

'Yar'uwa, ni Musulma ce, a nan zango aka haife ni. Muna ganin yaran nan masu farar riga suna wucewa biyu-biyu cikin rana, wani lokaci har tausayi suke ba ni. Addininmu daban, amma ɗa na kowa ne. Ba zan sa baki a kan ya zauna ko ya tafi ba, cikinsa ne ya dame ni.

Ki gaya masa ba a rasa Bahaushe a Kumasi. Ya shigo Aboabo ko Asawase ko cikin kasuwar Kejetia ya yi sallama da Hausa, zai ji an amsa masa. Da safe ya nemi mai koko da ƙosai, kokon gero ne da citta da kanumfari, mutanen nan ma da sunan Hausa suke kiransa. Abin da suke ce wa waakye shinkafa da wake ne, karan dafi ake sa wa shi ya sa ya yi ja, sai dai ya ce a rage masa shito, wato miyar barkononsu mai zafi, idan cikinsa bai saba ba. Akwai tuwon zafi da miyar ayoyo, zai ci kamar yana gabanki. Fufunmu na rogo da filanten ne, ba a taunawa, a tsoma a miya a haɗiye. Baƙi da yawa a nan suke ramewa, suna jin nauyin cewa bai karɓe su ba sai su kwana da yunwa.

Twi kuma kada ya tsorata. Ya riƙe "medaase", na gode ke nan, ya gaida tsofaffi kafin ya faɗi abin da ya kawo shi, kada ya miƙa komai da hagu. Asantawa suna son baƙon da ya gwada harshensu ko da ya karya shi. Za su yi masa dariya, su gyara masa, gobe su kira shi da kansu.

Ki tuna agogonku ya riga namu da awa ɗaya, kada ki ga ƙarfe biyu ta yi a Jos bai kira ba hankalinki ya tashi.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi

Anti, ramar ce ta tsaya min a rai. Wanda ya tashi a sanyin Jos aka kai shi Kumasi mai zafi da laima, dole jiki ya girgiza, kuma sauron can ba na wasa ba ne. Ki tambaye shi yana kwana cikin gidan sauro? Wane maganin rigakafin zazzaɓi aka ba shi? Idan doxycycline ne, a sha shi bayan an ci abinci, da ruwa cike da kofi, kuma kada a kwanta nan take. Masu shansa da wofin ciki suna fama da tashin zuciya da ƙunar ƙirji, daga nan abinci ya fita musu a rai. Yana kuma sa rana ta fi cin fata. Ruwan sha sai tatacce. Zazzaɓi ko na wuni ɗaya ne, a gwada jini ranar, ba a jira. Ƙafa kuma ya wanke ya busar da dare, safa biyu a rana idan da hali, takalmin da ya matse a ajiye shi.

Kewar gida daban, ciwon damuwa daban. Idan aka yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya cin abinci, ba abin da ke faranta masa rai, ko ya fara maganar rayuwa ba ta da amfani, wannan ya wuce a ce masa ya yi haƙuri. Suna da mai kula da lafiyarsu a mishan, ya faɗa, ke ma ki kira ofishin ki faɗa. Dawowa gida don lafiya ba abin kunya ba ne.

Maman Auta, Jos

'Yan'uwa, Allah ya saka muku. Jiya ya kira. Na daure ban yi kuka ba, sai bayan an kashe waya. Ashe da wofin ciki yake shan maganin nan tun da ya je, don suna sammakon karatu sai ya haɗiya da ruwa kawai. Na gaya masa abin da 'yar'uwarmu ta Bauchi ta ce, na kuma sa ya yi min alkawarin zai sanar da mai kula da lafiyarsu batun ramar a makon nan. Na karɓi lambar ofishin.

Da na ambaci koko da ƙosai sai ya zaro ido, ya ce kullum suna wuce wata mai sayarwa a bakin titi bai taɓa tsayawa ba. Ya koya min "ɛte sɛn", wai yaya kake, na faɗa ya yi ta dariya har Baturen ya leƙo ya gaishe ni, ya ce "sannu Mama" da irin bakinsu. Yaro ne shi ma ashe, shekararsa 20, tasa uwar tana can wata duniya.

Babansa ya karɓi wayar ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ya yi masa tambayar Baban Tagwaye. Ban ji amsar ba. Da ya fito ya ce a bar shi ya cika makonni 12 ɗin, ranar zai sake tambayarsa, kuma kuɗin motar suna nan a ajiye ba zai taɓa ba.

Hajiya, na daka masa yaji, na sayi ƙuli-ƙuli da busasshiyar kuka. Akwai 'yan kasuwar da ke zuwa wajenku daga nan Arewa da zan iya ba wa saƙo, ko ta ofishinsu ya kamata in aika?