Faifai biyu na fim ɗin tsoro na Italiya a jaka uku: in saya ko in bari?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema kafin Juma'a.

Akwai wani mai shago a gefen kasuwar Dole da nake sayen caja wajensa. Jiya ina jiran canji sai idona ya faɗa kan wani kwali can ƙasan kanta, ƙura ta binne shi. Na sa bakin riga na goge. Ashe faifan DVD ne guda biyu cikin kwali ɗaya, Démons da Démons 2. A bangon akwai wasu mutane tsaye cikin shuɗin haske, idanunsu na ƙyalli kamar na kura da dare. Ya ce cikin kayan gwanjo na Faransa ya zo, ya fi shekara biyu ba wanda ya taya. Da jaka shida yake cewa, yanzu ya ce in kawo uku in ɗauka.

Ni na Amurka da na Indiya na saba gani, na Italiya ban taɓa zama na kalla ba. Jaka uku kuwa a aljihuna man babur ne na kwanaki. Wanda ya san su ya gaya mini, sun ci kuɗinsu? Kuma dole sai an ga na ɗaya kafin a gane na biyu?

Tsohon Mai Bidiyo:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka tuna mini da zamanin da nake da ɗakin kallo a Zango, lokacin kaset. Na ɗayan nan na sa shi har kaset ɗin ya fara tsalle.

Lamberto Bava ne ya ba da umarni, ɗan Mario Bava wanda shi ma gwani ne a wannan fanni, Dario Argento kuma ya shirya. Na ɗaya 1985 ya fito, na biyu 1986. Labarin na ɗaya bai da wani tsawo. A Barlin ta Yamma wani mutum mai ƙarfe a rabin fuska yana raba tikitin silima kyauta. Mutane suka cika gidan siliman, Metropol sunansa. Wata mata ta ɗauki wani abin rufe fuska da aka rataye a zaure ta sa da wasa, ya karce mata kumatu. Abin da ke faruwa a majigi sai ya fara faruwa a cikin ɗakin, suka ruga ƙofa suka tarar an toshe ta da bulo. Daga nan ba sauran hutu.

Abin da ya sa nake girmama shi, komai da hannu aka yi. Wani Sergio Stivaletti ne ya yi aikin rikiɗar mutane zuwa aljanu. Za ka ga haƙoran mace suna zubowa ɗaya bayan ɗaya, fiƙoƙi na turo su daga dasashi, kyamara kuma ba ta kau da kai. Ba kwamfuta, roba ce da fenti da haƙuri. Kiɗan Claudio Simonetti ne, na ƙungiyar Goblin, in ka ji shi sau ɗaya zai bi ka har makwanci.

Amma kar ka je neman hankali a labarin. Akwai inda saurayi ke hawa babur da takobi yana sara tsakanin kujeru, can kuma jirgi mai saukar ungulu ya faɗo ta rufi ba wanda ya ce maka daga ina. A ɗakina duk aka zo nan sai ihu da tafi, wani ma ya taɓa ture mini benci.

Na biyu kuwa, gaskiya ɗumame ne. An mai da labarin cikin dogon bene, aljanin ya fito ta cikin tele wajen bikin zagayowar ranar haihuwa. An rage jini. Har ɗan wasa guda, Bobby Rhodes, wanda ya mutu a na ɗaya, ya dawo a na biyu da wani suna yana koyar da ɗaga ƙarfe. Ƴar Argento, Asia, a nan ta fara fitowa fim tana ƙarama. Ba sai ka ga ɗaya ba kafin ka gane ɗayan. Ka ɗauka na ɗaya ka biya, na biyun gyara ne.

Mai Shayin Fada:

Haba Ɗan Birni, wa ke sayen faifai yanzu? Ka kai wayarka wajen masu turi su zuba maka da dala ashirin. Sauran canjin ka kawo fada mu sha shayi.

Ɗan Birni:

Abokina na gwada. Wurare uku na tambaya, ba wanda ya taɓa jin sunan. Ɗaya ma ya tura mini wani abu daban, ƴan Koriya na gani a ciki.

Tsohon Mai Bidiyo:

To kafin ka miƙa kuɗi, abu biyu. Ka juya bayan kwalin ka nemi ɗan hoton duniya mai lamba a ciki, lambar yankin da aka yi faifan dominsa ke nan. Faifan Faransa lamba 2 yake ɗauke da ita, mu nan a lissafinsu lamba 5 muke. Yawancin na'urorin Sin da ke gidajenmu ba ruwansu, komai suna karantawa, amma masu babban suna sukan ƙi. Sannan ka duba ko an rubuta VF, wato da muryar Faransanci, kar ka kai gida ka tarar Italiyanci ne zalla. In ka ga baki bai bi magana ba kar ka ce faifan ne ya lalace. Haka Italiyawa ke aiki a lokacin, a ɗauki hoto, murya kuma sai daga baya a ɗora ta.

Kuma ka sa ya kunna maka duka biyun a shagon, ka tsallaka har tsakiya da ƙarshe. Shekara biyu cikin ƙurar Damagaram ba wasa ba ne.

Yayar Kowa:

Ni dai roƙona ɗaya ƙanena, kar ka kunna yara na zaune. Mijina ya taɓa sa na biyun a tsakar gida. Autana ya kwana uku ba ya yarda ya gitta gaban tele ko a kashe take, sai da na lulluɓe ta da zane. Kuma akwai ƴan wuraren da ba za ka so kallo gaban manya ba.

Ɗan Birni:

Na gode Baba, na gode Yaya. Na koma yau da hantsi. Lamba 2 ce, VF na nan. Muna cikin gwaji aka ɗauke kuran, na zauna kan buhun shinkafar maƙwabcinsa kusan awa guda har aka dawo da shi. Na ɗaya ya tafi sumul. Na biyu yana da karce a gefe, ya tsaya cak daidai inda fuskar ke turo gilashin tele, sai da muka tsallake minti biyu ya ci gaba. Da wannan karcen na sauke shi zuwa jaka biyu da rabi.

Mai Shayi, ka tanadi gawayi ranar Asabar bayan isha'i, ni zan zo da na'ura. Baba in kana kusa akwai kujerarka, benci kuma mun jingina shi da bango.