Wa ya taɓa barin karkashi ya yi fure a tsakar gida?

Maman Hanif, Malali:
Salamu alaikum jama'a. Bara da damina karkashi ya fito min da kansa a gindin katanga inda magina suka bar ragowar yashi, na ce bari in ƙyale shi ko na samu na miya, sai tafiya ta kama ni Zariya wajen sati uku ba wanda ya tsinki ganyen, ina dawowa na tarar ya yi fure, fari-fari da ɗan jirwayen shuɗi-ja kamar na riɗi, ga ƙudan zuma tun da sassafe suna cusa kai har can ciki sai bayansu kawai ake gani. Wallahi da bokiti a hannu na tsaya ina kallo. Bana da gangan nake so in shuka, wa ya gwada dan Allah?

Baban Ummi, Rigasa:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ɗan uwan riɗi ne shi ya sa furen ya yi kama. Shekarata uku ina yi. Kar ki biye wa ruwan farko na Afrilu, ki bari damina ta zauna wajen Yuni, ki watsa irin ki ɗan ja ƙasa da yatsa, in kin binne da zurfi ba zai fito ba. Jar ƙasarmu ta Kaduna daskarewa take yi, sai an haɗa ta da yashi. Na farkon da na yi a roba na sa shi ban huda gindinta ba kuma kullum ina zuba ruwa, saiwar ta ruɓe. Rana yake so, ƙishi bai dame shi ba.

Anti Balki, Barnawa:
Ni abin har yanzu yana min ciwo. Nawa ya yi kyau har manyan baƙaƙen ƙudan nan masu ƙugi da ke huda katako suna zuwa, sai maigida ya kira mai feshin sauro ban sani ba, ya bi har kan furen ya fesa, washegari ina shara ina kwashe matattun zuma a ƙasa, kwana da kwanaki ban ƙara ganin ko ɗaya ba. Yanzu in za a yi feshi sai da magariba, kuma tsohon zani nake rufa masa.

Malam Nura, Kawo:
Mu tumfafiya muka bari a bayan gida, ita har cikin rani kore take, malam-buɗe-littafi mai ruwan goro yana sa ƙwai a ganyenta. Amma mai ƙananan yara ya kula, farin ruwanta mugun abu ne a ido.

Maman Hanif:
Allah sarki Anti, sannu. Malam Nura gaskiya da yarana ba zan iya tumfafiya ba. Baban Ummi to miyar fa, in na tsinka furen zai zo?

Baban Ummi:
Ki raba biyu Hajiya, gefe ɗaya na tukunya, ɗayan kar a taɓa shi har ƙwanson ya bushe wajen ƙarshen Oktoba, ki tara irin a takarda. Wanda ya zube ma zai fito baɗi, ki dai tsare shi daga akuya.