Ta ina ƙungiyar ƙauye za ta nemi tallafin haƙa rijiyar burtsatse?

Ɗan Dukku:
Assalamu alaikum. Muna da ƙungiyar ci gaban gari a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Dukku, kuma ruwan sha ne babbar matsalarmu. Mun ji ana ba al'umma kuɗi su yi aiki da hannunsu. Ta ina ake farawa? Dole ne sai mun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi ta ƙasa?

Malam Sakatare:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ku nufi hukumar CSDA ta jihar Gombe, wato hukumar raya al'umma da zamantakewa. Ita ta riƙe CSDP, shirin ba al'umma kuɗin ayyukan raya gari da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2009, daga baya ayyukan al'umma na NG-CARES, shirin farfaɗo da tattalin arziki bayan korona, suka biyo ta hannunta.

Ku rubuta takardar neman tallafi da sunan gari gaba ɗaya, ba da sunan ƙungiya kaɗai ba, shugaba da sakatare su sa hannu, dagaci ya buga hatimi, a bi da ita ta ƙaramar hukuma. Ku riƙe kwafi mai ɗauke da ranar da aka karɓa. Idan an zaɓe ku, jami'ai za su zo su tara maza da mata da matasa, kowa ya faɗi buƙatarsa, a jera su bisa rinjaye. Nan ake samun matsala: idan mutum biyar ne suka yanke cewa ruwa ake so, ranar taro sai ka ji rabin gari na kiran asibiti. Ku daidaita tun kafin baƙi su iso. Bayan nan sai a zaɓi kwamitin aiki, da mata a ciki, a buɗe asusun banki da sunansa.

A zamanin CSDP, wanda ya ƙare a 2021, al'umma kan kawo kashi 10 cikin 100, ko kuɗi, ko yashi da tsakuwa da fili da aikin ƙarfi. Ku tambayi ƙa'idar da ake bi yanzu. Batun rajista kuwa, galibi takardar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha ta wadatar. Ta CAC tana buƙatar amintattu da buga sanarwa a jarida da jiran kwana 28, kada ta tsayar da ku.

Injiniya Mai Ruwa:
Ƙanena, tunda ka ce Dukku, ka kula da wannan sosai. Yankinku, har su Darazo da Alkaleri, yana kan ƙasar da masana ke kira Kerri-Kerri, kuma ruwanta na da nisa. A wurare da dama sai an wuce mita 100. Famfon tuƙa-tuƙa irin India Mark II ba ya jawo ruwa daga abin da ya wuce kamar mita 50. Ke nan kada ku rubuta tuƙa-tuƙa don tana da araha. Ku sa mai aiki da hasken rana: famfon cikin rijiya, farantan sola, tanki da ƙarfen ɗora shi, da katanga saboda ɓarayi da dabbobi.

A fara gwajin ƙasa kafin a zaɓi wuri, ko da hakan zai kai rijiyar bayan gari maimakon ƙofar gidan mai gari. Ranar haƙa ku sa mutum biyu su tsaya suna ƙirga sandunan da ke shiga ƙasa da bututun da aka zura, domin a nan ake rage zurfi. Kada a biya cikon kuɗi sai an yi gwajin jan ruwa na awanni an ga bai ɗauke ba. Rijiyar da aka haƙa da damina aka tsaya da an ga ruwan farko, ita ce ke ƙafewa a watan Maris.

Hajiya Ma'aji:
Ƴaƴana, kuɗin kashi-kashi ake sakinsa, kuma ba a ba da na gaba sai an kawo rasit da hotunan na baya. Buhun siminti ɗaya ma a karɓi rasit, a rubuta a littafi, a karanta wa jama'a bayan sallar Juma'a.

Ku kuma yanke tun yanzu nawa za a riƙa biya kan kowace jarka da wanda zai riƙe kuɗin gyara, don tallafin bai haɗa da gyaran famfo bayan an miƙa aiki ba. Duk wanda ya ce ku tura kuɗin fom zuwa asusunsa, ko ya nemi lambar sirrin katinku, ɗan damfara ne. Sannan ku bambance: asusun al'umma na ACReSAL, wani shirin daban na farfaɗo da ƙasa da noma a Arewa, bashi ne da ake juyawa tsakanin manoma, ana biyansa.

Ɗan Dukku:
Allah ya saka da alheri. Injiniya, kuɗin gwajin ƙasar a cikin tallafin ake sa shi, ko mu za mu biya?

Injiniya Mai Ruwa:
Ku nemi a sa shi cikin lissafin aiki tun farko, ya zama layi na ɗaya. Rahoton kuma ku karɓi kwafinsa, ku ajiye wurin sakatare.