Muhawara: Shin rufe kogo ne kaɗai ke ceton zanen mutanen dā?

Mai buɗe zance:
Jama'a, ni dai matsayina ɗaya ne: duk kogon da aka samu zanen mutanen dā a ciki, a garƙame shi. Ku dubi Lascaux a Faransa. Samari huɗu suka gano shi a Satumbar 1940, aka buɗe wa 'yan kallo a 1948, har ya kai mutum wajen 1,200 ke shiga a rana. Numfashinsu ya ƙara ɗumi da laima, fitilu suka ba gansakuka abin da take so, bango ya soma yin kore, wani farin ɓawo kuma ya fara hawa kan zanen. Dole aka rufe a 1963. Zanen da ya yi shekara wajen 17,000 lafiya, shekara 15 ta jigata shi.

Malamar kimiyya:
Malam, ka tsaya a 1963, alhali labarin bai ƙare a nan ba. A 2001, kogon yana rufe, aka sake na'urar daidaita iska, sai farar fumfuna mai suna Fusarium solani ta mamaye ƙasa da bango. Aka barbaɗa garin farar ƙasa mai ƙuna a daɓe, aka yi ta shafa maganin kashe fumfuna. Wajen 2007 kuma sai ga baƙaƙen tabo. Masu bincike na ganin maganin ya kashe wasu ƙwayoyin ne ya bar wa wasu fili, ragowarsa ma ta zame musu abinci. Wannan ɓarnar ba ɗan yawon buɗe ido ya yi ta ba, masu gyara ne.

Mai buɗe zance:
Ai kin ƙarfafa maganata, Malama. Kogon Chauvet, shi ma a Faransa, da aka gano a Disambar 1994 ba a taɓa buɗe shi ga jama'a ba. Siririyar gadar ƙarfe aka shimfiɗa don kada masu bincike su taka ƙasa, a 2015 aka buɗe kwafinsa da aka gina don 'yan kallo. Ina fumfunarsa?

Dattijon zaure:
Ku biyun kuna da gaskiya, amma ba ƙofa ce abin lura ba, daidaito ne. Kogo mai zurfi yana zaune da zafi kusan iri ɗaya duk shekara, laimarsa kuma ta kusa cika. In iskar ciki ta ɗara bango ɗumi ko da kaɗan, raɓa za ta kwanta a kan zanen. Iskar da muke fitarwa in ta narke cikin raɓar nan sai ta zama ruwa mai ɗan tsami, ya riƙa cin dutsen da launin ke manne a kai. Shi ya sa a Altamira ta Sifaniya, bayan rufewar 2002, da aka dawo da shiga a 2014 mutum biyar kawai ake bari a mako, minti 37, cikin riga ta musamman da takunkumi, na'urori na auna zafi da laima kafin shiga da bayan fita.

Malamar kimiyya:
Baba, mutum biyar a mako ai rufewa ce da aka sa wa kwalliya.

Ɗan Jigawa:
Ranku ya daɗe, duk wannan lissafin kogo mai zurfi ne. Zanen shanun da ke Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu a ƙarƙashin inuwar dutse yake, iska na kaɗawa, numfashi ba ya taruwa. Abokan gabarsa daban ne: ruwan sama mai gangarowa ta fuskar dutse, hayaƙin wuta, gidan zanzaro, masu rubuta suna da gawayi, da mai yayyafa ruwa don launi ya fito a hoto. Wannan na ƙarshen ya fi muni, domin ruwan na jawo gishirin cikin dutse, in ya bushe sai ya ɓamɓare launin. Abin da irin wurin nan ke buƙata shi ne shinge mai nisan da hannu ba zai kai ba, hanyar karkatar da ruwa daga sama, da mai gadi ɗan gari.

Mai buɗe zance:
Na yarda a kan na fili. Na cikin kogo kam ina nan a kan bakana.