Farar Takardar Somnath Hore

Malam Na-Bakin-Kasuwa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Amsa-amonmu na yau "wa" ne. Bismillah.

Somnath Hore mai zane nake son mu taɓa,
Ɗan Bengal, Chittagong ce wurin haihuwa.
A 1943 yunwa ta ci ƙasarsu,
Ya ɗau fensir yana bin masu faɗuwa.
Haƙarƙari a waje, uwa da ɗa a titi,
Jaridar 'yan kwaminis tana ta bugawa.

'Yar Marina:
Malam, na nemo aikin da ake zuzutawa,
Wai shi "Raunuka", na kai minti ina dubawa.
Fara fat takarda, ba shuni ba ja,
Ni jikar marina, me zan tsaya yabawa?

Baban Ummi:
Ƙanwata, ki karkata hoton wajen haske,
Ba da buroshi ya yi ba, bar ni in yi warwarewa.
Laka yake samu, ko kakin zuma,
Ya sa wuƙa ya tsaga, wani gun har da ƙonawa.
Ya kwarara siminti a kai ya sami mazubi,
Ya dama takarda kamar kunu, yana zubawa.
In ta bushe ya ɗago, ga rami ga kumburi,
Kamar fatar da aka sara tana warkewa.
Zanen wanzami ma ai ba shi da launi,
Aska ce ke yi, a kunci ake karantawa.

Malam Na-Bakin-Kasuwa:
Sannu Baban Ummi, ka rage mini aiki.

Kafin "Raunuka", a 1946 ya je Rangpur ta Bengal,
Manoman shinkafa sun gaji da ƙwaruwa.
Mai gona na kwashe rabi yana zaune,
Suka ce biyu cikin uku namu ne, ba ragewa.
Tebhaga ke nan, ya zauna cikinsu ya zana,
Daga baya jami'ar Santiniketan ta Indiya ya koma koyarwa.
Can ya ƙera uwa rungume da ɗa, na tagulla,
Don mutanen Biyetnam, ɓarawo ya zo ya yi ɗaukewa.
A 1977 ke nan. Shi kuwa 2006 ya rasu.
(Wannan layin ya ƙi amsa-amo, ku yi haƙuri.)

'Yar Marina:
Yaya, batun wanzamin nan ya kama ni,
Kakata na da zane, na sha shafawa.
Shunina dai ina nan a kansa, ban sauka ba,
Amma na karkata wayar kamar yadda kake cewa.
Har na kai yatsa in ji zurfin tsagar,
Santsin gilashi kawai na iya taɓawa.