Neman shawara: ta yaya ɗan ƙaramin tsibiri zai ci zaɓen shugaban ƙasa a labarina?

Ummu_Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu bibiyar siyasar duniya ku taimaka min. Wani labari nake rubutawa akan wata ƙasa da na ƙirƙira da kaina a tsakiyar teku, tsibirai uku ne, ɗaya babba inda babban birni da tashar jirgin ruwa suke, sai matsakaici, sai ɗan ƙarami na masunta wanda mutanensa basu kai ɗaya bisa goma na 'yan ƙasar ba. Toh jarumina daga ƙaramin ya fito kuma so nake ya ci zaɓen shugaban ƙasa, amma duk yadda na juya lissafin baya fita, domin in dai kowa nasa zai zaɓa to mutanen babban tsibiri sun gama magana tun kafin a buɗe akwati. Bana so in sa maguɗi, bana so kuma ya zama kaman tatsuniya ace kawai farin jini gareshi kowa ya bishi. Wata uku kenan na tsaya cak a babi na tara, abin yana damuna sosai wallahi.

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam malama. Abinda kike nema akwai shi a zahiri, ki duba Komoros dake Tekun Indiya, suma tsibirai uku ne a hannunsu, Ngazidja da Anjouan da Mohéli wanda shine ƙaramin. Tun da suka samu 'yanci daga Faransa a 1975 juyin mulki yaƙi ƙarewa, har a 1997 Anjouan da Mohéli sukace sun ɓalle, shine a 2001 akayi sabon kundin tsarin mulki na karɓa-karɓa. Yadda sukeyi kafin 2018 shine tsibirin da layi yazo kansa su kaɗai zasu fara zaɓen fidda gwani tsakanin 'ya'yansu, mutum uku da sukafi ƙuri'a sai a kawosu gaban ƙasa baki ɗaya kowa ya zaɓa. Ta haka Azali Assoumani na Ngazidja ya hau a 2002, Ahmed Abdallah Sambi na Anjouan a 2006, sannan Ikililou Dhoinine ɗan Mohéli ya karɓa a 2011. Kinga ɗan ƙaramin tsibiri ya mulki ƙasa ba maguɗi ba tatsuniya.

Ɗan_Teku:
Malam a gafarce ni amma ni inaga in ta ɗauki wannan ta kashe labarin da hannunta, tunda doka ce ta miƙo masa kujera ai mai karatu bazai riƙe numfashi ba. Yar uwa shawarata ki bar zaɓen a buɗe amma ki raba kan babban tsibirin, manyansu biyu su fito kowa yaƙi janye wa ɗan uwansa, babu wanda ya haura rabi a zagayen farko, jarumin ki ya lallaɓa yazo na biyu da ƙuri'un matsakaicin tsibiri, sai wanda yazo na uku saboda haushi ya juya masa mutanensa a zagaye na biyu. Kusan haka akayi a Maldives a 2008, Maumoon Abdul Gayoom da ya shekara 30 akan mulki shine kan gaba a zagayen farko, amma 'yan adawa suka haɗe bayan Mohamed Nasheed ya kada shi. Kuma ki matse tazarar sosai, a ƙananan ƙasashe irin wannan ba millyoyi ake magana ba, a Seychelles a 2015 James Michel da ƙuri'a 193 ya tsallake Wavel Ramkalawan, a Cape Verde kuwa 2001 Pedro Pires da tazarar ƙuri'a 12 kacal ya kada Carlos Veiga. Sha biyu fa! Gida ɗaya ne in sun yi fushi sun ƙi fita.

Malam_Tarihi:
Maganarka nada ƙarfi ɗan uwa, sai dai karɓa-karɓar ba lami lafiya ta tafi ba, Azali ya dawo a 2016 sai a 2018 ya shirya ƙuri'ar raba gardama da ta bashi damar neman wa'adi na biyu, layin Anjouan da suke jira a 2021 ya wuce su. Mutanen da suka ƙirga shekaru suna jira ace musu a'a, ni a nan nake ganin zuciyar labari.

Hajiya_Mai_Karatu:
'Yata ni abinda zan ƙara kada ki manta da ruwan kansa. Akwatin zaɓe a kwale-kwale zai tsallako, in iska ta taso jirgi bazai tashi ba, kenan sakamakon tsibirin jarumin naki shi zai iso a ƙarshe, ƙasa duka tana bakin tasha tana jira. Sannan 'yan ƙasar dake ci-rani a waje, Cape Verde suna jefa ƙuri'a daga can, ki basu murya ko da ta wayar uwa da ɗanta ce.

Ummu_Alƙalami:
Allah ya saka da alheri, Hajiya maganar jirgin nan har tsigar jikina ta tashi. Inaga zan haɗa biyun, ace da can akwai karɓa-karɓa aka soke ta ana saura shekara ɗaya layinsu yazo, shine dalilin da yasa ya fito takara tun farko, sai zaɓen ya tafi zagaye biyu kaman yadda Ɗan_Teku yace. Abinda ya rage min, in shugaba mai ci yaƙi yarda da sakamakon fa, ya ƙasa irin wannan take kasancewa?

Ɗan_Teku:
Ki karanta abinda ya faru a Madagaska bayan zaɓen Disamba 2001, Marc Ravalomanana yace yaci ya zauna a Antananarivo, Didier Ratsiraka yaƙi sauka ya koma Toamasina inda babbar tashar jirgin ruwa take, aka tare hanyoyi aka karya gadoji man fetur ya yanke a babban birni, wata da watanni ana haka har Ratsiraka ya bar ƙasar a Yuli 2002. A naki labarin tashar tana hannun babban tsibiri, toh ki fara tunanin me masuntan nan zasu ci in aka hana jirgin shinkafa da magani zuwa wajensu.