Me za mu kira neurodivergent da Hausa?

'Yan'uwa, a zo mu yi shawara kan wata kalma. Hutun makaranta na zuwa, iyaye za su fara tunanin inda za a kai yara, kuma akwai yaran da zaɓen wurin ba ƙaramin abu ba ne a kansu. Turawa na ce musu neurodivergent. Mu fa?

Ko a Turanci kalmar ba ta tsufa ba. Tushenta ya fito ne a ƙarshen shekarun 1990 daga cikin masu otizim (abin da ake kira galahanga) su kansu, kuma ana yawan jingina shi ga Judy Singer 'yar Ostireliya. Nufinta ƙwaƙwalwar da ke aiki ta wata hanya dabam da ta yawancin mutane. Rumfa ce babba: akwai otizim, akwai yaron da hankalinsa ke saurin ɗaukewa bai iya zama wuri guda, akwai mai basira da haruffa ke rikice masa.

Galahanga, wadda ake ji a rediyo, ta yi kaɗan, don ɓangare ɗaya ta kama, kuma kusan kullum "cutar" ce ke gabanta. Taɓin hankali kuskure ne ƙarara. Masu buƙata ta musamman akwai ladabi, amma ta haɗa da makafi da kurame. Ɗan ruwa da shafar aljanu kuwa ina roƙon mu bar su gaba ɗaya. Sun sa an ɓoye yara a ƙuryar ɗaki.

Ni abin da nake auna kalma da shi: uwa za ta iya faɗinta a gaban ɗanta ba tare da ya sunkuyar da kai ba?

Dubi hawan sallah a Kano. Bindigogin gargajiya, kakaki, algaita, sukuwar dawaki, turmutsutsu. Wani yaron murna yake, wani kuma ya toshe kunnuwa da tafin hannu, ya durƙusa yana kuka, na gefe su ce sangarta ce. Ba sangarta ba ce, ƙarar ce ke masa zafi. Yaron nan a kai shi Yankari ranar da ba cunkoso, ya shiga ruwan ɗumin Wikki, sai ka ga ya sake. Haka jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, mai lambar kujera da lokacin tashi, ya fi masa zaman tasha ana jiran mota ta cika, domin za a iya gaya masa abin da zai faru tun da wuri. A filin jirgin saman Gatwick na Ingila, tun 2016 suke ba irin waɗannan fasinjoji igiyar wuya mai hoton furen rana, ma'aikata su gane ba sai an yi bayani ba. Mu baki muke da shi, sai mu samar masa kalma.

Shawarata: mai ƙwaƙwalwa ta daban, jam'i masu ƙwaƙwalwa ta daban, abin kansa kuma bambancin ƙwaƙwalwa. Na guji "mai tunani na daban" don abin bai tsaya ga tunani ba, ya shafi ji da gani da taɓi, har da ɗanɗanon abinci.

A gwada a otal: "Malam, ɗana mai ƙwaƙwalwa ta daban ne, ƙara na damunsa, a ba mu ɗakin da ke nesa da janareta." Ta zauna a baki, ba zagi a ciki.

Tsayinta ne kawai matsalar. Malaman makaranta da iyayen yaran nan, musamman na Maraɗi da Damagaram, da wace kalma kuke amfani a gida?